Telan Indiya da Ruwan Talata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka yashe ƙaramin kanal ɗinmu bara waccan, kuma ba don wahalar aikin ba, wannan kowace shekara muna shan ta. A ranar ne na miƙe tsaye a gaban maza sun fi talatin, ba wanda ya tambaye ni, na yanke wa kaina hukunci da bakina, ina ta jin daɗi wai ni wani nake yanke wa.

Ni manomin rani ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Boko a aji huɗu na ajiye shi, shekaruna sun haura hamsin, gwiwoyina sun fi ni tsufa. Alkama nake yi da albasa, damina in yi shinkafa kamar kowa. In ka tambaye ni a lokacin wane irin mutum ne ni, zan ce maka mai haƙuri ne, kuma ba ƙarya zan yi ba a sanina. A cikin gari ba na ɗaga murya. Ina gaishe da kowa, ina zuwa jana'iza, in akuyar maƙwabci ta ci mini dawa sai in kora ta in yi shiru. Har sulhu ana kirana in yi wa mutane (ku riƙe dariyarku tukuna, da saura).

Sai na ɗan yi bayanin yadda muke shan ruwa, don wanda bai san nan ba. Babban kanal yana ba ƙananan kanal ruwa bi da bi, namu ranar Talata ake buɗe masa, daga safe zuwa la'asar. Gonaki a jere suke a bakinsa, kowa ya sa bututun roba ya ja nasa. Na farko-farko su ne 'yan gata. Na ƙarshe kuwa sai abin da aka rage musu. Tawa gonar a tsakiya take, inda in ka yi sanyi ka rasa, shi ya sa muke tare ruwan da buhunan ƙasa har ya taru mu ja. Faɗa kuwa dole ne, mutum yana kallon albasarsa tana langaɓewa ba ya jin wa'azi.

To iyayenmu da suka fara noman nan sun bar mana wata doka da ba a rubuce take ba. Duk faɗan da aka yi a kan ruwa, da ka wanke ƙafarka ka kama hanyar gida, an gama. Ba a kai shi masallaci, ba a kai shi wurin mai unguwa, ba a tayar da shi a wurin hira, sai fa in an fitar da jini. Doka ce mai kyau, ita ta hana mu kashe juna. Ni dai kuskuren da na yi, na ɗauka tun da ba a faɗa, to ba a tunawa. A ganina ranar Talata nakan ɗan ɗaga murya ne kamar kowa, shi ke nan.

A wannan shekarar akwai abin da yake cin raina. Ɗana na biyu, Nura, ya ga 'yar Malam Sale yana so, ita ma tana son sa, sun daidaita. Malam Sale dattijo ne, ya girme ni da kusan shekara goma, kafaɗa da kafaɗa muke tsayuwa a sahu, kuma gonarsa ita ce ta ƙarshe a kanal ɗinmu. Na tura yayana da goro a nema wa yaron izini. Amsar da ya dawo da ita, wai a ɗan dakata. Ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Wata ɗaya, wata biyu, har huɗu. Nura ya rame, ya daina zama cin abinci da mu, rannan na ji yana gaya wa uwarsa in abin bai yiwu ba zai bi motar tumatir ya tafi kudu, kuma kada a sa ran dawowarsa. Na san halinsa, in ya faɗa zai yi. Shi ne kuma ƙarfin gonata, ban da wannan ma ɗa ne. Ni kuwa na riga na yanke a raina cewa Malam Sale mai kuɗi yake jira, irin masu injin casar shinkafa na Kura. Ko sau ɗaya ban kawo cewa matsalar tana cikin rigata ba.

Ranar wata Asabar aka yi gayyar yashe kanal kafin a sako ruwan rani. Tun da safe muka shiga laka har gwiwa muna tuge kacalla, ciyawar nan mai toshe ruwa. Da rana ta take muka fito muka zube a rumfar Garba mai shayi da ke bakin hanya, muna jiran abincin gayya. Garba ya sa sola, yana da talabijin, sai ya kunna mana wani tsohon fim na Indiya wanda aka sa wa muryar Hausa. Ya ce fim ɗin ya girme shi, amma har yau ba a yi na dariya kamarsa ba.

Ni ba ma'abocin kallo ba ne, ina ganin ɓata lokaci ne. Amma gajiya ta hana ni tashi, sai na kalla. Labarin wani tela ne siriri, mai sanyin hali, shagonsa a bakin layin dogo. Kowa ya raina shi. Yara su ɗauke masa almakashi, masu ɗinki su zage shi ya ce ya gode. Amma da jirgin ƙasa ya yi kuka sai idonsa ya juye, ya murɗe gashin baki, ya zama wani mutum daban. Ya kori masu ɗinki da sanda, ya ɗaga ɗan sanda ya zaunar da shi a kan tulu, unguwa gaba ɗaya a watse. In wani jirgin ya sake wucewa sai ya koma yadda yake, ya ga mutane da ƙulu a goshi, ya bi su da tausayi yana tambaya wane azzalumi ne ya yi musu haka. Wallahi na yi dariya har da hawaye. Wurin da ya kai wa wanda ya fasa wa kai ruwan zafi yana gasa masa, sai da na riƙe ciki na kwanta a kan benci. Na lura wasu suna waigowa suna kallona suna ƙara dariya, na ɗauka dariyata ce take ba su dariya.

Fim ya ƙare, abinci bai iso ba, sai aka buɗe musu. Buba, Bafulatanin da ya zauna kusa da mu da shanunsa shekara da shekaru, ya ce wannan ai ba ya buƙatar dogon bincike, aljani ne a jikin telan, kuma shi yana da bijimi mai irin halin, da ya ji ƙarar babur sai a kauce. Garba, da yake ya kalli fim ɗin ya fi sau arba'in, ya ce ba aljani ba ne, ciwo ne likitoci sun san shi, mutum ne yake ta haɗiye ɓacin rai har ya taru ya yi masa wani mutum a ciki. Wani ya ce shi dai mugun ya fi burge shi, don mai sanyin nan ba zai iya riƙe gida ba. Wani ya ce a'a, mugun ba ya ɗinka ko hula, mai sanyin ne yake ciyar da su su biyun. Aka koma gardamar wanne ne na ainihi a cikinsu, wanne ne baƙo.

Ɗanlami taubashina, ɗan kawuna, wanda tun muna yara ba ya raga mini ni ma ba na raga masa, ya ce shi ya kalli fim ɗin nan yana saurayi a sinima a Kano, lokacin ba fassara, kuma shekara talatin yana zaune a kan cewa tagwaye ne, ɗaya na kirki ɗaya ɗan iska. Har ya sha ba mutane labarin a haka. Ya ce gaskiya nasa labarin ya fi ma'ana, masu fassara ne suka ɓata shi. Aka yi ta yi masa dariya.

Malam Sale yana gefe a kan tabarma, ya miƙe ƙafa yana jan carbi. Da na gan shi sai shaiɗan ya raɗa mini cewa ga dama ta samu. Bari in yi magana irin ta manya, mai nauyi, dattijon nan ya ji irin gidan da yake ja wa rai, ya san mu ba mu da injin casa amma muna da hali. Na gyara murya. Ban tsaya a nan ba, sai da na miƙe tsaye (har yau in na tuna miƙewar nan sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado).

Na ce duk maganarsu ba ta kama hanya ba. Ba aljani, ba ciwo, munafunci ne tsagwaronsa. Na ce mutum ba ya zama biyu, wanda ya zage ka da safe ya san ya zage ka, in ya zo da yamma yana yi maka murmushi to ya mai da kai sakarai ne. Na ce an yi abin ne don dariya, mun kuma yi, amma a zahiri irin wannan ba abin dariya ba ne, gara mugu na kullum ka san inda za ka ajiye shi. Ina magana ina satar kallon Malam Sale, na ga ya daina jan carbin. Na ce a raina magana ta shiga. Sai na ƙara wuta.

“Ni da a garin nan yake, ko kwano ɗaya ba zan ci da shi ba. Kuma wallahi ko 'ya'ya mata goma gare ni, ba zan kai ɗaya gidansa ba, ko da ɗansa waliyyi ne. Yarinya ta tashi da safe ba ta san wanne za ta gaisar ba?”

Rumfa ta yi tsit. Na ɗauka nauyin maganar ne. Na buɗe hannu na ce, “Allah dai ya rufa mana asiri, sai a Indiya. A cikinku wa ya taɓa ganin mutum irin wannan?”

Garba ya juya yana goge kofin da ya riga ya goge. Buba ya sunkuya yana duba takalminsa kamar yau ya saye shi. Mai hankali a nan zai zauna. Ni kuwa sai na maimaita, har da ɗaga murya: “Na ce wa ya taɓa gani?”

Ɗanlami ya cire tsinken da yake sakace da shi, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, “Mu kam, ɗan gwaggo, duk Talata muna ganinsa.”

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Ba irin ta fim ɗin ba ce, wannan dariya ce da aka shekara ashirin ana danne ta. Wani ya faɗo daga benci. Garba ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da tsumman goge kofi. Ni kuma ina tsaye, har na fara tayawa da 'yar dariya, ina waige-waige in ga wa ake nufi. Sai da na ga duk yatsun wuri ɗaya suke nunawa.

Da yake taubashi ne ya fasa, kuma taubashi ba a riƙe shi da laifi, sai dokar iyayenmu ta tafi hutu na rabin awa. Kowa ya kwance bakin jakarsa. Buba ya ce sandarsa uku na jefa a kanal, ɗaya ma gadon babansa ce, don kawai shanunsa sun tsaya sun kalli ruwan, ko sha ba su yi ba. Wani ya tuna ranar da na hau kan buhunan tare ruwa na zauna da fartanya a kafaɗa tun hantsi har azahar, na ce duk wanda ya haifu ya zo ya ɗaga ni. Ɗanlami ya tashi ya naɗe wando, ya turo hula gaba, ya buɗe ƙafa yana tafiya kamar mai ɗauke da tulu biyu, yana kwaikwayon muryata. Na so in ce ƙarya ne, amma tafiyar tawa ce, har ɗingishin gwiwar hagu bai bari ba. Ashe har suna gare ni, Na Talata, yara ma sun sani, ni kaɗai ne ban sani ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro, duk abin da suka faɗa ina tuna shi. Ba mantawa na yi ba kamar telan. Kawai dai a cikin kaina kowanne ɗan ƙarami ne, kuma kowanne ina da dalili. Sai da aka jera su wuri ɗaya na ga tsawonsu.

Sannan Ɗanlami ya juya wajen tabarma ya ce, “Malam, don Allah gaya masa ta bara, ta lokacin alkama.”

Malam Sale ya girgiza kai ya ce a bar maganar, ta wuce. Ɗanlami bai bari ba, ya faɗa da kansa. Wai dattijon ya tako tun daga ƙarshen kanal, ya yi mini sallama, ya ce alkamarsa ta fara fitar da kai kuma ruwa bai isa ba sati biyu, ko zan ɗaga buhu ɗaya. Na ce masa in yana son ruwa ya naɗo gonarsa ya kawo ta nan gaba, ba ni na ce kakansa ya zaɓi wutsiya ba. A gaban mutane. Kuma a ranar, bayan sallar la'asar, na kama hannunsa da hannu biyu a ƙofar masallaci na ce, “Malam ya aiki? Da fatan dai ruwa ya iso muku.”

Aka sake fashewa. Malam Sale bai yi dariya ba, bai kuma ɓata rai ba. Cewa kawai ya yi, “Haka aka yi. Kuma da zuciya ɗaya ya tambaya, shi ya sa na rasa abin da zan ce.”

A nan ne maganar da na yi minti biyar da suka wuce ta dawo mini, ta 'ya'ya mata goma. Na dubi mutumin da nake roƙon 'yarsa, na tuna da bakina na ba shi fatawa. Daidai lokacin aka iso da abinci, mutane suka juya wajen kwanuka. Ni ban iya zama ba. Na ɗauki shebur na koma cikin kanal ni kaɗai da tsakar rana, ina tuge kacalla kamar ita ta yi mini laifi. Ba ƙwazo ba ne, wurin ɓuya ne ban samu ba sai nan.

Da na koma gida na sami maiɗakina tana tankaɗe. Na tsaya a kanta na ce ta gaya mini tsakaninta da Allah, ni mutum biyu ne? Ta ɗago ta dube ni, ta ce, “Malam, yau wace rana ce?” Na ce Asabar. Ta ce to za ta iya faɗa.

Ta ce tun ranar Litinin da yamma ake fara gane ni, daga yadda nake ajiye buta. Ranar Talata ba yaron da yake tambayata ko biro. In an yi rasuwa a danginta ko wani abu ya lalace a gida, ajiye labarin take sai Laraba. Ko mahaifiyarta, Allah ya ji ƙanta, in za ta zo daga Madobi sai ta lissafa kwana don kada ta faɗo a ranar. Shekara ashirin da shida ana tsara gida a kan wannan, ni ina yawo ina ce wa mutane gidana ba a taɓa jin kanmu ba. Na ce me ya hana ta gaya mini? Ta ce ranar Talata ba a iya gaya mini, sauran ranakun kuma tausayi nake ba ta, ga ni nan kamar ba ni ba. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Washegari da hantsi na tafi neman Malam Sale, aka ce yana gona. Kunya ce in faɗa, amma shekara da shekaru muna kanal ɗaya ban taɓa takawa har ƙarshensa ba, me zai kai ni? Ranar na je. Kanal ɗin a can ya zama kamar 'yar kwata. Kusan rabin gonar ya bar ta ba ya nomawa da rani, ta bushe ta tsattsage, don ya san ruwan ba zai kai ba. Na tsaya ina kallon wurin. Dariyar jiya kunya ta ba ni, wannan kuwa wani abu ne daban, ban san sunansa ba.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce na san ba a tayar da maganar ruwa, amma yau zan karya doka, na zo ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun a ranar, in ba haka ba da ba zai iya tsayawa kusa da ni a sahu ba. Ni ban da bakin da zan tayar da maganar Nura, shi ya tayar da kansa. Ya ce yaron bai taɓa ja a kansa ba, yana ganinsa tun yana rarrafe. Gidan yake tunani, tun da a cikinsa yarinyar za ta zauna.

“Kwana shida a sati ba ni da surukin da ya fi ka,” in ji shi. “Ɗayan nan ne na kasa sanin yadda zan yi da shi. Jiya kuma da ka tashi ka yi bayani, na ce to, ga shi shi ma ra'ayinmu ɗaya.”

Na fara lissafin yadda zan gaya wa Nura cewa ubansa ne ya kore shi kudu. Sai dattijon ya ci gaba, ya ce amma shi ya lura da wani abu a fim ɗin da ba wanda ya ambata: har aka gama telan bai ji kunya ba ko sau ɗaya, don bai san ya yi ba. Ni kuwa ya ga na bar tuwo na koma cikin laka da rana tsaka. Ya ce wanda yake jin kunya ana iya zama da shi. Ya ce in turo manya.

Ban san lokacin da na kama hannunsa ba. Ya bar ni na gama godiya, sannan ya ce da sharaɗi ɗaya. A ranin nan gaba ɗaya, duk Talata, shi zai je ya ba gonata ruwa, ni in zo in ba tasa. Na ce ko shekara goma ne na yarda (da ya ce in sha ruwan kanal ɗin duka ma zan ce to).

Talatar farko na zo ƙarshen kanal tun da sassafe na jera bututu na zauna. Hantsi ya yi, ba ruwa. Rana ta ɗaga, ba ruwa, sai wani ɗan danshi da ko kaza ba zai isa ba. Ina zaune ina kallon shukar wani tana sunkuyar da kai, ina tuna cewa haka mutumin nan yake zama kowane sati, ya kuma tashi ya je ya amsa gaisuwata. Na yi niyyar haƙuri, Allah ya sani na yi. Na ja carbi, na ci goro. Wajen sha ɗaya na ji hular tana turo kanta gaba.

Na bi kanal ɗin nan daga wutsiya har kai. Duk inda na sami buhu ya wuce ƙa'ida na tsaya. Ban jefa sandar kowa a ruwa ba, ban ambaci kakan kowa ba, wannan na kiyaye, amma murya kam ta fita. Da suka hango tafiyar ma wasu tun kafin in iso suka ɗaga nasu. Na wuce ta gonata na ga Malam Sale a zaune a inuwa ya miƙe ƙafa, ruwa yana shiga a hankali, ya ɗago mini hannu. Kafin azahar ruwa ya kai ƙarshen kanal, har maƙwabtansa uku suka samu. A ranin nan ya noma rabin da ya bari.

Sai daga baya na gane dattijon ya fi mu duka wayo. Ya koya mini zaman wutsiya, ya kuma sami mai yi masa faɗa kyauta. Ɗanlami ya ce da sun san haka ne da tun tuni sun ɗaure ni a can. Da rani ya ƙare na ƙarshen kanal suka taru suka roƙa a bar ni a wajensu, har yau kuma duk Talata can nake fara zuwa kafin in zo tawa.

An ɗaura auren bayan an yanke alkama. Nura yana nan, bai je ko'ina ba, yarinyar tana gidanmu, kuma maiɗakina ta ce yanzu ana iya gaya mini labari ranar Talata in dai an bari na ci abinci. Ban ce na warke ba. Amma na gode wa Allah da ya ba ni mutanen da suka shekara ashirin suna amsa gaisuwata, na gode wa Malam Sale, har Ɗanlami na gode masa, ko da yake ban gaya masa ba kuma ba zan gaya masa ba.

Abin da na koya bai da yawa, ni ba malami ba ne. In aka gama kallo aka ce kowa ya faɗi ra'ayinsa, yanzu a zaune nake faɗin nawa, a taƙaice. In kuma ka tambayi taro wa ya taɓa ganin mutumin banza irin wannan, ka ga kowa ya sunkuya yana duba takalminsa, to ka nemi wuri ka zauna. Kada ka sake tambaya.